Sun toshe mana turbar fadama da ƙaya: wa ke da haƙƙi, kuma wa zai biya ɓarna?

Ɗan Mabera ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka fi ni sanin ƙasa da shari'a a kan wata matsala da ta taso tsakaninmu da mutanen wani ƙauye a yankin Kware. Mu bakwai ne, dukkanmu mazauna cikin garin Sakkwato, kuma kusan shekara biyu ke nan muna fita ranar Asabar da baburan daji, irin masu dogayen ƙafafu da tayoyi masu kaushi, tare da motar Hilux guda ɗaya da ke ɗaukar mana ruwa da mai da kayan gyara. Idan muka bar kwalta, sai mu bi wata turba da ta ratsa jigawa, ta wuce tsakanin gonakin gero, ta gangara fadama har bakin Rima, inda muke hutawa kafin mu juyo.

Makonni uku da suka wuce, cikin tsakiyar marka, an kwana ana ruwa daren Juma'a, amma duk da haka muka fita da safe. A gangaren da ke shiga fadama muka tarar ruwa ya kwanta a kan hanya, tsawonsa bai wuce taku ashirin ba. Motar ta shiga ta kafe, muka yi ta fama kusan awa guda kafin ta fita, su kuma masu babura suka kauce suka bi ta gefen wata gona don kada su faɗa cikin taɓon. Ba zan ɓoye ba, an taka wake, kuma mun bar ramuka. Da muka dawo Asabar ta gaba, sai muka iske an jibge ƙaya da kututture a bakin gangaren, an bar 'yar ƙofa wadda jaki kawai zai iya wucewa. Wani dattijo ya ce mana sai mun biya ɓarnar da muka yi, kuma ko mun biya ba a yarda mu sake bi ba.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, wannan turba ba mu kaɗai ke bin ta ba. Masu kabu-kabu suna bi kullum, amalanken shanu suna bi, garken Fulani yana bi zuwa mashaya, kuma da idona na ga tifa ta fito daga wajen cike da yashi. Shin mutanen gari suna da ikon rufe hanya ga wasu su bar wa wasu? Kuma idan biya ya wajaba a kanmu, ta yaya za a raba ɓarnarmu da ta sauran masu bi?

Manomin Wurno ya amsa:

Wa alaikumus salam. Ɗana, na yaba da ka faɗi naku laifin da bakinka, don haka ni ma zan gaya maka abin da dattijon nan bai tsaya ya bayyana maka ba. Ramin da motarku ta haƙa, ku awa ɗaya kuka yi da shi, shi kuma wata takwas zai yi da shi. Lakar fadama idan taya ta kwaɓa ta tana jiƙe, rana ta zo ta busar da ita, takan zama kamar siminti, da kwari biyu a gefe da tudu a tsakiya. Da kaka, lokacin da za a fito da shinkafa, sannan da rani lokacin albasa, amalanke zai zo da buhuna a kai, ƙafa ɗaya ta faɗa kwarin, ɗayar tana bisa tudu, kayan su karkata. Na taɓa tsayawa a kan irin wannan wuri ana sauke buhu goma sha biyu ɗaya bayan ɗaya don a tayar da sa da ya durƙusa, kuma wannan sa bai ƙara jan kaya ba har aka sayar da shi ga mahauta da asara.

Ka ce kowa yana bi, kuma gaskiya ne, amma ka dubi dalilin bin. Mai kabu-kabu yana ɗauko majinyaci ko mai zuwa kasuwa, makiyayi yana kai dabba ruwa, mai amalanke yana kai taki gona. Duk cikinsu babu wanda zai zaɓi safiyar da aka kwana ana ruwa ya shiga gangaren idan yana da yadda zai yi, kuma wanda dole ta sa shi, gobe ma shi ne zai sha wahalar ramin da ya bari. Ku kuwa kun zo ne don nishaɗi, kun tafi, ba za a gan ku ranar gayya ba. Wannan bambanci shi ne abin da ya ci wa mutanen rai, ba waken kawai ba.

Akwai kuma abin da 'yan birni ba su cika lura da shi ba. A halin da gabashin jihar nan yake ciki, babura shida a jere, da ƙara, da mutane masu rufe fuska da hular kwano, ba abin wasa ba ne a idon ɗan ƙauye. Mata sukan kwashi yara su shige ɗaki kafin a tantance ko su wane ne. Idan a cikin shekara biyun nan ba ku taɓa tsayawa ƙofar hakimi kun gaisa kun faɗi ko ku su wane ne ba, to ƙayar nan ta daɗe tana jiran dalili.

Injiniyan Hanya ya amsa:

Malam Ɗan Mabera, ni aikina gina hanyoyin karkara ne, kuma ina ganin tambayarka ta biyu tana da amsa fiye da yadda kake zato. Ɓarnar turba ba ta rabuwa daidai a kan duk wanda ya bi ta. Mafi yawanta tana faruwa ne a 'yan kwanaki kaɗan cikin shekara, a 'yan wurare kaɗan a kan hanyar, kuma ranar da kuka fita da wurin da kuka kafe suna cikin waɗannan.

Turbar da ka kwatanta ƙasa iri biyu ce. Ta jigawa rairayi ce, tana shanye ruwa da sauri, kuma bayan ruwan sama ma ta fi daɗin bi domin takan daddale. Ta fadama laka ce, tana riƙe ruwa, kuma idan ta jiƙe ƙarfinta na ɗaukar nauyi yana raguwa ƙwarai. Abin hawa ɗaya da zai bi ta sau ɗari da rani bai bar komai ba sai ƙura, zai iya lalata ta a bi ɗaya cikin Agusta. Saboda haka lissafin wa ya fi yawan bi ba shi ne lissafin ba. Abin tambaya shi ne wa ya bi ta tana jiƙe, da wane nauyi, kuma tayarsa ta yi ta juyawa wuri ɗaya ko ba ta yi ba. Hilux tana kai kusan tan biyu ko ba kaya, kuma awa ɗayan da ta yi tana watsa taɓo a baya haƙa ce ta yi, kamar da diga. Tayoyin baburanku ma an ƙera su ne don su ciji ƙasa, don haka idan aka murɗa totur a kan gangare, suna yanka ta fiye da tayar Boxer ta ɗan kabu-kabu da ke lallaɓawa a giya ta ɗaya.

Abin da ya fi damuna a labarinka shi ne wurin da abin ya faru, wato gangaren da jigawa ke sauka fadama. Ruwa yana neman layi, kuma sawun taya da ya miƙe daga sama zuwa ƙasa magudana ce aka yanka masa kyauta. Ruwan farko zai zurfafa shi, na biyu ya faɗaɗa shi, kuma tun da rairayin jigawa ba ya da danƙo, bakin ramin zai riƙa cin baya yana hawa tudu. Da yawa daga cikin kwazazzaban da muke gani sun raba gona biyu a ƙasar nan, asalinsu turba ce ko sawun mota da aka ƙyale damina biyu ko uku.

Kaucewar da masu babura suka yi, wadda ka ambata kamar ƙaramin abu, ita ce kuskure na biyu. Duk wanda ya zo bayanku zai ga sabon sawu a gefe ya bi shi, wurin ya caɓe, na gaba ya ƙara kaucewa, har turba mai faɗin taku huɗu ta koma taku goma sha biyar, kuma duk ƙarin daga cikin gonar wani aka yanke shi. Ƙa'idar masu wannan wasa a ko'ina ita ce, idan ruwa ya kwanta a kan hanya, ko ka ratsa tsakiyarsa a hankali, ko ka juya.

Wannan rigima ba a kanku aka fara ta ba. A Amurka, inda hawan daji da babura da motoci ya yi yawa a filayen gwamnati, Shugaba Nixon ya fitar da umarni a 1972 cewa a ware wuraren da aka yarda a bi da waɗanda aka hana, sannan Shugaba Carter ya ƙara a 1977 cewa a rufe duk wurin da aka ga ababen hawan suna yi wa ƙasa mummunar ɓarna. A 1985 hukumar gandun dajinsu ta fara shirin wayar da kai mai suna Tread Lightly, wato a taka a hankali, kuma a 2005 ta kafa doka cewa injin zai bi hanyar da aka zana masa a taswira ne kawai. Cikin ladubban da suke koyarwa akwai cewa mai inji shi ke ba mai doki hanya, ya tsaya gefe ya kashe injin har dabbar ta wuce. Mu da muke da raƙuma da shanun huɗa da jakuna a kan kowace turba mun fi su buƙatar wannan ladabi. Darasin da na ɗauka daga tarihinsu shi ne, inda masu hawa suka ƙi kame kansu a lokacin jiƙa, ƙarshenta rufe musu hanyar ake yi gaba ɗaya.

Game da tifa, kana da gaskiya, kuma kada ka bari a share wannan magana. Tifa cike da yashi ta ninka motarku nauyi sau da yawa, kuma idan tana shiga da damina, kaso mai tsoka na lalacewar nata ne. Bambance sawun ba shi da wuya tun da bai daɗe ba: na tifa ya fi faɗi, kuma tayoyin bayanta bibbiyu ne a kowane gefe. Ku je da mutanen gari ku duba tare.

Gyaran kuwa bai fi ƙarfinku ba. A fara yanka 'yan ƙananan magudanai a karkace a saman gangaren, domin ruwa ya fita gefe kafin ya yi gudu, amma a tabbata ba cikin shukar wani aka juya shi ba. A cike ramukan da duwatsu ko marmara a ƙasa, burji a sama, a daddale da kyau. Kada a zuba yashi zalla, ruwa ɗaya zai kwashe shi. Inda bakin rami ya fara ci, a jera buhunan ƙasa. Mota biyu ta burji da shebur goma da yini ɗaya za su yi nisa.

Ɗan Kabu-kabu ya amsa:

Ina girmama maganar Baba Manomin Wurno, amma laifi tudu ne, kuma akwai nasu tudun da bai hango ba. Shekara goma sha ɗaya ina ɗaukar fasinja a hanyoyin ƙauyukan Wamakko, kuma turbobin da na sani a da amalanke biyu suna giftawa a kansu, yau ɗaya ma sai ya goga gero. Kowace damina mai gona yana ƙara kunya ɗaya zuwa cikin hanya, maƙwabcinsa na ɗaya gefen ya ga haka shi ma ya ƙara, kuma ba wanda yake kiran wannan ɓarna. Hakan ne ya cinye burtali a wurare da dama, shi ya sa shanu suke hawa turbar mutane suna caɓa ta da kofato. Kafin a ce an taka wake, ya kamata a tambayi tsofaffin garin ko wurin da waken yake gona ne tun asali ko hanya ce aka shuka.

Sannan ina roƙon mutanen ƙauyen su sani cewa ƙayar da suka sa ba 'yan birni kaɗai ta tare ba. Ƙofar da jaki kawai ke wucewa, babur ɗauke da mara lafiya a tsakiya da mai riƙe shi a baya ba zai wuce ta cikin dare ba.

Malamin Zaure ya amsa:

Bismillah. Ɗana mai tambaya, mas'alarka biyu ce, kuma amsar ɗaya ba ta soke ɗayar.

Ta farko ita ce lamunin ɓarna. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan garin nan, an ce mai kora dabba da mai jan ta da mahayinta duk suna lamunce abin da ta taka. Idan haka ne hukuncin dabba, wadda take da nata rai da nata taurin kai, to abin hawan da ba ya motsi sai da hannunka ya fi cancanta. Waken da aka taka sai a kira masu sanin noma biyu da ɓangarorin suka yarda da su, su ƙiyasta, ku biya mai shi, sai fa idan ya yafe. Cewa wasu ma sun yi ɓarna ba ya sauke naku, kamar yadda ba ya halatta a ɗora muku nasu.

Ta biyu ita ce rufe hanya. Turbar da jama'a suka saba bi tun kaka da kakanni haƙƙin kowa ce, baƙo da ɗan gari, kuma babu wani mutum ko wasu mutane da za su toshe ta da ra'ayin kansu. Hadisin da Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa babu cuta babu cutarwa yana aiki a kanku, yana aiki a kansu. Amma shugaba, wato hakimi ko uban ƙasa, yana iya iyakance amfani da ita don kare maslahar jama'a, misali ya ce mota kada ta sauka fadama har sai ƙasa ta tsane, matuƙar dokar ta hau kan kowace mota, har da tifar da ka ambata ko ta wane ne.

Maganar Malam Ɗan Kabu-kabu kuma tana da asali. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa idan aka yi saɓani a kan hanya, a sanya faɗinta kamu bakwai, wanda ya kai wajen mita uku da ɗan ɗoriya. Malamai sun bayyana cewa wannan ba izini ba ne na a rage hanyar da dama ta fi haka faɗi. Don haka idan za a zauna, a auna turbar a kafa alama, kowa ya san iyakarsa.

Barista ta amsa:

Ƙari kaɗan a kan bayanin Malam, ta fuskar dokar ƙasa. Kundin tsarin mulki na 1999 ya sanya gina ƙananan hanyoyi da magudanai da kula da su cikin ayyukan ƙaramar hukuma, kuma dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da haƙƙin mallaka na gargajiya a filayen karkara. Saboda haka idan sulhu ya gagara a gaban hakimi da uban ƙasa, can ne mataki na gaba. Shawarata, ƙanena, ita ce kada ku janye ƙayar da hannunku ko da kuna ganin kuna da gaskiya, domin shiga gonar mutum da lalata shuka abu ne da za a iya kai ku ƙara a kansa, kuma ba ku da ribar ƙara wani rikicin a kai. Duk abin da aka amince a rubuta shi, a sa hannu, kowane ɓangare ya riƙe kwafi.

Ɗan Mabera ya sake rubutawa:

Na gode muku baki ɗaya, Allah ya saka da alheri. Mu uku muka je ranar Laraba a mota ɗaya, muka ajiye ta a bakin kwalta, muka shiga da ƙafa, muka fara da gidan mai unguwa, shi ya kai mu wurin hakimi. Baba Manomin Wurno, abin da kuka faɗa game da tsoro shi ne farkon abin da aka gaya mana, tun kafin a ambaci wake. Wata rana a bara, ashe, an sallami yaran makarantar allo saboda ƙarar baburanmu, kuma ba mu taɓa sani ba.

An je gangaren da mai gonar da dattawa huɗu. Kunya uku muka taka, tsawon kamar taku talatin, kuma ɗaya daga cikin dattawan da kansa ya ce kunyar bakin ba ta nan shekara biyar da suka wuce. Mai gonar bai ji daɗin wannan ba, amma bai musa ba, don haka an ƙiyasta mana biyu, mun biya a gaban hakimi. Ramin ya riga ya fara ci zuwa sama kamar yadda Injiniya ya ce, ya kai gwiwata a wuri ɗaya. Mun ɗauki nauyin burji mota biyu, su kuma za su kira gayya ranar Asabar mai zuwa, kuma mu bakwai za mu zo da shebur. An amince cewa daga faɗuwar damina har a gama girbin gero ba za mu sauka fadama ba, za mu tsaya a jigawa, kuma duk ranar da za mu shigo sai mun kira mai unguwa tun daren jiya. An buɗe ƙayar yadda babur da amalanke za su wuce.

Maganar tifa ce ba ta warware ba. Sawunta yana nan a fili, tayoyi bibbiyu, kuma ya fi namu zurfi a ƙasan gangaren, amma da na tayar da zancen sai wurin ya yi shiru, daga baya wani matashi ya raɗa mini cewa akwai masu karɓar wani abu a kan kowace mota da ta ɗebi yashi. Biyu daga cikin abokaina sun ce ba za su sa kuɗinsu a burjin da tifa za ta tattake cikin mako guda ba. Injiniya, idan muka yi gyaran yadda ka kwatanta kuma tifar ta ci gaba da shiga kafin ruwa ya ɗauke, zai kai kaka, ko gara mu yanka magudanan yanzu mu jinkirta burjin zuwa Oktoba?